Ƙara Balas a Goshin Jirgin Wekbod: Yadda Muka Bi a Obhur Daga Lissafi Zuwa Farfela

Jirgin ruwan da nake tuƙawa a Sharm Obhur, wata mashigar teku da ke arewa da Jidda, ƙafa 21 ne tsawonsa, injinsa mai lita 5.7 yana can baya, irin da ake kira V-drive. Na maigidana ne, 'ya'yansa da abokansu ke hawa allon wekbod a bayansa, wato allon da mutum ke tsayawa a kai jirgi na jan sa da igiya a kan ruwa. Wata biyu muka kwashe muna kai da komo a kan tambaya guda: a ƙara balas a goshin jirgin, wato can gabansa, ko a bar shi yadda yake? Na rubuta yadda muka bi ne saboda 'yan'uwa masu kula da jiragen mutane a Jidda da Yanbu, domin yawancin ɓata lokacin da muka yi ya samo asali ne daga fara abu ta ƙarshensa.

Balas shi ne nauyin da ake ƙara wa jirgi da gangan don ya ƙara nutsewa, ya ture ruwa da yawa, taguwar da yake tayarwa a bayansa ta girma. Wannan taguwa ita ce tudun da mai allo ke hawa ya yi tsalle. Jirginmu ya zo da tankuna biyu na kamfani a baya, daga bisani aka ƙara jakunkunan ruwa biyu a akwatunan da ke gefen inji, kowace fam 400, wato wajen kilo 181. Jakar kamar salka take, sai dai ta roba ce mai kauri, da bakuna na cikawa da na zubarwa. Tun da aka sa su taguwar ta yi tsayi, amma ta lalace. Bakinta ya riƙa karyewa yana kumfa daidai inda mai allo ke tsallakawa, ta yi tsaye kamar katanga, tana harba yaro sama maimakon ta ɗauke shi. Idan na taka totur, goshi ya ɗaga har ba na ganin gabana sai na miƙe tsaye, jirgin ya yi ta nishi kafin ya kwanta a kan ruwa. In ya kwanta kuma sai ya shiga sukuwa, goshi na hawa na sauka. Duk waɗannan alamomi ne na abu guda: inji a baya, tankuna a baya, jakunkuna a baya, mutane ma sun fi son kujerar baya. Jirgin da ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu, to mai yiwuwa ba ya buƙatar komai a goshi.

Maigida ya so a yi odar jaka a ranar. Sai na fara zuwa wajen wani dattijo bakanike, Bahaushe da ya daɗe yana gyaran injinan ruwa a wata warsha da ke kusa da marina. Na jira shi har bayan la'asar saboda akwai jiragen da ke gabana. Da na gama bayani bai ce a sa ba, bai ce kada a sa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ka karanta farantin da ke kusa da sitiyari?" Na ce, "Baba, na san yana nan." Ya ce in koma in karanta shi, in zo da littafin jirgin. Wannan farantin shi ne ke faɗin iyakar mutane da iyakar nauyin da kamfani ya yarda a ɗora. Namu ya ce fam 2,200, wato kilo 998. Duk balas ɗin da aka ƙara bayan jirgi ya bar kamfani, daga cikin wannan adadi yake ci, daidai da mutum. Tankunan kamfani kuwa, wasu masu ƙera jirage suna sa su cikin lissafin, wasu suna ware su, don haka sai an duba littafi. Namu a ware suke.

Ga lissafin da muka yi a takarda, kuma a nan ne na fara ganin inda aka yi kuskure tun farko. Nauyin da ake rubutawa a jikin jaka na ruwan daɗi ne, lita ɗaya kilo ɗaya. Ruwan Bahar Maliya yana cikin mafi gishiri a tekunan duniya, ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi 3 cikin 100. Jakar fam 400 idan ta cika a Obhur takan kai wajen kilo 186. Biyu na baya sun zama 372. Mutum shida, a ƙiyasta kowa kilo 75, sun zama 450. Anga da sarƙarta, alluna, igiyoyi, akwatin ƙanƙara da ruwan sha, muka sa 60. Jimilla 882, saura kilo 116 kacal. Ke nan jakar fam 750 da maigida ya gani a intanet ba ta da mazauni ko kaɗan, ta fam 400 ma sai an rage mutum ɗaya. Da mutum biyar jimilla ta dawo 807, saura 191, jakar 186 ta shiga da ƙyar. Na ji nauyin kai wa maigida wannan magana, domin rage mutum ba abu ne mai daɗin faɗa ba, amma da na nuna masa takardar sai ya amince. Yawan mutanen da ke rubuce a takardar rajistar jirgi da tasrihi, wato izinin fita teku na Haras al-Hudud, masu tsaron iyaka, wanda muke nema ta manhajar Zawil, abu ne dabam. Takarda za ta iya ba ka damar ɗaukar mutane da yawa, amma idan jakunkuna sun cika, kilo ne ke yanke hukunci.

Mataki na biyu bai ci mana ko riyal ɗaya ba sai kuɗin mai, kuma shi ne ya fi kowane amfani. Na aro jarkoki tara masu lita 20. Muka fita ranar Talata bayan asuba, domin a Jidda iskar arewa maso yamma takan taso ne idan rana ta ɗaga, kuma daga yammacin Alhamis zuwa Asabar mashigar Obhur cike take da jirage da baburan ruwa, ba za ka bambance taguwarka da ta wani ba. Muka tsayar da komai wuri guda: gudu mil 22 a awa, wato wajen kilomita 35, da na'urar GPS, igiya ƙafa 65, kusan mita 20, mai hawa allo mutum ɗaya, kowa a kujerar da aka ba shi, ba mai canzawa. Idan aka canza abu biyu lokaci guda ba za a san wanne ya yi aiki ba. Wani yaro ya zauna yana ɗaukar bidiyon taguwar, wani yana riƙe da agogo, yana ƙirga daƙiƙu daga taka totur zuwa kwanciyar jirgi.

Ba komai a goshi, daƙiƙa 14. Da jarka uku a can ƙuryar goshi, 11, sukuwar ta ragu amma kumfar na nan. Da shida, 9, sukuwar ta ɓace, bakin taguwar ya fara tsabta ta ɓangaren dama. Da tara, daƙiƙa 8, ɓangarorin biyu suka yi tas, taguwar ta ɗan rage tsayuwa, gangarenta ya yi tsawo, ta yi tauri a ƙarƙashin allo. Daga nan muka sa mutum ɗaya ya koma goshi a kan jarkoki taran don mu ga iyaka. Nan take sitiyari ya yi nauyi, jirgin ya riƙa bin son ransa a kwana, taguwar ta baje, kuma da na rage gudu ruwa ya leƙo bakin goshi. A kowane mataki ina auna tazarar da ke tsakanin ruwa da leɓen goshi da tef, jirgi a tsaye. Masu wannan wasa sukan ce a raba nauyin da aka ƙara kashi 60 a baya, 40 a gaba. Wurin farawa ne mai kyau, amma kowane jirgi da siffar cikinsa, namu ya tsaya ne kusa da kashi biyu a baya, ɗaya a gaba. Wani abin da gwajin ya nuna shi ne kumfar da ke fitowa a gefe ɗaya kawai ba matsalar goshi ba ce, karkata ce. Mutum ɗaya ya matsa zuwa gefen da ke kumfa, sai ta gyaru.

Da muka tabbatar kilo 180 ne muke nema, sai maganar da me. Wani ya kawo shawarar buhunan darma, domin ba sa cin wuri kuma ba ruwanka da famfo. Na ƙi, kuma har yau ina kan wannan ra'ayi ga duk jirgin da ke fita bakin teku. Darma ba ta zubuwa idan iska ta taso, tana nan a goshi lokacin da kake buƙatar goshi ya ɗaga. Idan kuma, Allah ya kiyaye, jirgi ya sha ruwa, jakar ruwa ba ta da nauyi a cikin ruwa, darma kuwa ƙasa za ta ja. Yashi shi ma haka, ga tara laima da wari. Muka tsaya a kan jakar ruwa. Kafin oda na ɗaga kujerun goshi na auna tsawo, faɗi da zurfin akwatunan da ke ƙasa, na zaɓi jaka mai siffar kofaton doki wadda ke shiga ƙarƙashin kujeru ta zagaye goshi. Ta fi wadda ake shimfiɗawa a kan hanya, domin ba a taka ta kuma ba ta gangarawa. Sai dai jaka ba ta cika ta kai adadin da aka rubuta mata idan akwatin ya matse ta, shi ya sa awo ya zama dole.

Famfo iri biyu ne. Akwai ƙarami mai araha, irin Tsunami na kamfanin Attwood, mai galan 800 ko 1,200 a awa. Ba ya iya tsotso ruwa da kansa, sai an dasa shi ƙasa da layin ruwa, kuma ana buƙatar biyu, na cikawa da na zubarwa. Akwai kuma mai fuka-fukin roba a ciki, irin na Jabsco da Johnson, wanda ke juyawa gaba da baya, famfo ɗaya da tiyo ɗaya ya cika ya kuma zubar. Yana tsotsowa da kansa, ana iya dasa shi sama, amma ya fi tsada, ya fi cin batir, kuma in ya yi aiki babu ruwa robar tana ƙonewa. Mun ɗauki na biyun saboda goshi nesa yake da inda ruwa ke shigowa. Ba mu sami jakar da ta dace a shagunan Jidda da na zaga ba, sai oda daga Amurka. An nemi adireshin ƙasa, wanda a nan ake kira unwan watani, da lambar waya. Jaka da famfo da kayan haɗi sun tashi wajen riyal 2,300, kuɗin kawowa 450, sannan harajin kaya na kashi 15 cikin 100. Kwana 19 muka jira, ciki har da kwanakin da kayan suka yi kafin a sallame su.

Ranar ɗaurawa sai da aka fitar da jirgin a tirela, domin za a huda cikinsa. Dattijon ya yi tafiya, don haka muka kai wata warshar. Na tsaya a kansu, duk da haka abubuwa biyu sun kuɓuce mini. Ga yadda aikin ya kamata ya tafi. Ramin shigar ruwa ana yin sa ne a wurin da ke cikin ruwa ko jirgi na gudu, a shimfiɗaɗɗen waje, ba a gaban mashigar ruwan sanyaya inji ba, don kada ya dagula mata ruwa. Ana manna tef a wurin, a fara juya diril da baya don kada fentin jiki ya tsage. Bakin da ake sawa a ramin ya zama na tagullar teku, da bawul na rufewa a kansa kai tsaye, inda hannu zai kai cikin gaggawa. Wajen liƙe bakin a ramin, gam ɗin 3M 4200 mai saurin bushewa yana son awa 24 kuma ana iya cire shi wata rana. Gam ɗin 5200 na yau da kullum yana iya kai mako kafin ya gama kamawa, kuma kusan na dindindin ne. Tiyo mai inci ɗaya, mai waya a ciki don kada ya lotse, da zoben matsi biyu a kowace mahaɗa da ke ƙasa da layin ruwa. Daga saman jakar ana fitar da tiyon numfashi zuwa wani rami a gefen jirgi sama da ruwa. Ta nan iska ke fita, ta nan kuma rarar ruwa ke zuba ka san jaka ta cika. Wayar lantarki ta zama ta ruwa, mai kauri daidai da nisan, da fiyus kusa da batir gwargwadon abin da takardar famfo ta faɗa. Kafin a shimfiɗa jakar a bi cikin akwatin da tafin hannu, duk kan sukurun da ya leƙo a yanke shi ko a rufe, a shimfiɗa kafet. Aikin hannu riyal 900, jirgin ya kwana biyu a tudu.

Kuskure na farko ya bayyana a fitar farko. Jakar ta cika cikin minti biyar, amma bayan rabin awa muna gudu sai na ga taguwar ta koma kumfa. Da na ɗaga kujera, jakar ta saki. Tiyon numfashi aka miƙar kai tsaye zuwa ramin ba tare da an ɗaga shi sama ba, don haka duk lokacin da goshi ya ɗaga ruwan sai ya bi ya fice. Maganinsa a lanƙwasa tiyon ya hau can ƙarƙashin leɓen jirgi kafin ya sauko ramin. Na biyun sai bayan mako uku na gan shi: jan tsatsa a kan zoben matsi. Zoben kansa ƙarfe ne da ba ya tsatsa, amma sukurunsa na talaka ne, gishiri ya cinye shi. Muka canza duka zuwa na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316. Da dattijon ya dawo ya duba, sai ya ƙanƙare bakin shigar ruwan ya tabbatar tagullar teku ce, domin farar tagulla ta famfon gida gishiri yana zuƙe tutiyar da ke cikinta har ta rube, ga ta kuma a ƙasan jirgi.

Ban yi zaton farfela za ta shigo cikin maganar ba, amma ta shigo. Da cikakken balas, na buɗe totur gaba ɗaya a fili, allurar juyin inji ta tsaya ƙasa da abin da littafi ya ce ya kamata ta kai. Injin da ke aiki a haka kamar jaki ne da aka ɗora wa kayan raƙumi, yana tafiya amma yana cin jikinsa, ga shan mai. Farfelarmu 13.5 x 16 ce. Lambar farko faɗinta ne da inci, ta biyu tazarar da take ci a juyi ɗaya. Rage inci ɗaya a lamba ta biyu yakan ƙara juyi wajen 150 zuwa 200 a minti. Muka koma 14.5 x 14.25, bayan an auna cewa fiffikenta ba zai matso jikin jirgi ba. Sai da aka sake fitar da jirgin, aka cire tsohuwar da abin zaro farfela, ba da guduma ba, aka duba ta zauna daram a kan sandar kafin a sa maɓalli da noti da sabon fil. Riyal 2,600 ta ci, ta fi jakar tsada. Jirgin ya kwanta cikin daƙiƙa 6, gudun ƙarshe ya ragu kaɗan, wanda ba ya damun mai jan wekbod. Duk mai yin kasafin balas ya sa farfela a ciki tun farko, don kada ya koma wa maigida da buƙata ta biyu.

Abin da ya fi komai canzawa shi ne tuƙi, kuma a nan ne haɗarin yake. Jirgi mai nauyi a goshi ba ya yafe sakaci. Idan mai allo ya faɗi, kada a fizge totur baya gaba ɗaya, domin taguwarka tana biye da kai, za ta ɗaga bayan jirgi ta dulmiya goshi. A rage a hankali a miƙe, a bar taguwar ta wuce ta ƙasa, sannan a juya da ƙaramin gudu a koma wurinsa. Juyawa da ƙarfi yana jefa ka cikin taguwar da ka tayar da kanka. In taguwar wani jirgi ta tunkaro, a tare ta a karkace, a ɗan taɓa totur goshi ya ɗaga kafin ta iso. Muddin jakar goshi a cike take, ba mai zama a goshi, ko yaro ne. Ina cika na baya da farko, goshi daga ƙarshe, kuma sai mun isa inda za a yi wasa. Idan iska ta fara kaɗawa goshi nake fara zubarwa. Jirgi mai balas ya fi nutsewa, don haka gefen murjani da ka saba wucewa lafiya yanzu yana iya taɓa farfela. Kusa da jiragen da ke ɗaure da masu iyo kuwa, babbar taguwa cutarwa ce ga mutane, a wuce su da ƙaramin gudu. Famfon da ke kwashe ruwan ƙasan jirgi ina gwada shi kafin kowace fita, rigunan ceto kuma na kwashe su daga akwatin goshi zuwa inda hannu ke kaiwa, tunda jaka ta cinye wurinsu.

Da za a sake, da tsarin zai zama faranti da littafi, sai jarkoki, sai awon akwati, sannan oda, da kuɗin farfela a gefe. Wanda kuma lissafinsa ya nuna ba sauran kilo, yana da hanyar da ba ta cin kuɗi: ya rage ruwan jakunkunan baya zuwa rabi, ya tura mutum ɗaya ko biyu kujerun tsakiya. Taguwar ba za ta kai girman waccan ba, amma za ta yi tsabta, kuma ga mai koyo ƙaramar taguwa mai tsabta ta fi babba mai kumfa.

Bayan kowace fita, kafin a ɗora jirgi a tirela, ina zubar da jakunkuna duka, domin tirela da tayoyinta ba a yi su don wannan ƙarin nauyi ba. A tudu ina zuba ruwan daɗi lita 20 a kowace jaka in sa famfo ya fitar, saboda gishirin da ya bushe a ciki yana cin robar famfo. Ina barin kujerun goshi a ɗage don akwatin ya sha iska, in rufe bawul ɗin ƙasa. Robar famfo ta biyu tana cikin akwatin kayan aiki tare da fiyus biyu da zoben matsi huɗu, kuma duk farkon bazara, kafin zafin Jidda ya tsananta, ina buɗe famfon in duba ko fuka-fukinta sun fara tsagewa.